Naɗin da Ba a Yi Ba: Yadda Labaran Ƙarya Suka Riƙa Raba wa Hafsoshin Amurka Muƙamai a Zamanin Yaƙin Neman 'Yanci

A ranar 3 ga Maris, 1777, George Washington yana sansaninsa na Morristown a New Jersey ya rubuta wa Birgediya Janar Benedict Arnold wasiƙa, kuma a cikinta akwai magana guda da ta isa ta nuna halin da labarai suke ciki a Amurka ta wancan zamani. Ya shaida masa cewa an yi wa wasu hafsoshi ƙarin girma zuwa manjo janar, amma shi kansa ya rasa gane ko an riga an naɗa Arnold tun da farko kamar yadda jaridu suke faɗa, ko kuwa an tsallake shi ne bisa kuskure. Mai wannan magana shi ne babban kwamandan rundunar baki ɗaya, ga shi yana lalube tsakanin abin da jarida ta buga da abin da Majalisar Nahiya, mai naɗa janar-janar, ta zartar game da ɗaya daga cikin manyan hafsoshinsa. Labarin jaridun ƙarya ne. Ba a naɗa Arnold komai ba, kuma tsallake shi da aka yi ba kuskure ba ne.

Kafin a ɗora wa jaridun laifi, ya kamata a san yadda ake haɗa su. A 1775 jaridun da ke fitowa a yankuna goma sha uku da suka yi wa Birtaniya tawaye kusan arba'in ne, galibinsu sau ɗaya a mako, shafi huɗu, kuma talla ta cinye wani kaso mai yawa na shafukan. Babu wakilin da ake aikawa fagen daga ko ƙofar Majalisa ya jiyo da kunnensa. Mai maɗaba'a shi ne edita, shi ne mai sayarwa, sau da yawa kuma shi ne mai riƙe da gidan waya na garin. Labari yana zuwa masa ne ta bakin kyaftin ɗin jirgin ruwa da ya sauka a tasha, ko matafiyin da ya kwana a masauki, ko wasiƙar da wani ɗan kasuwa ya karɓa ya yarda a cire sunansa a buga wani yanki nata. Shi ya sa labaran suke farawa da irin kalmomin nan na "mun ji cewa", ko "daga wasiƙar wani mutumin kirki a Filadelfiya zuwa ga abokinsa a wannan gari". Babbar hanyar cika shafi kuwa ita ce kwafa daga wasu jaridu, domin masu maɗaba'a suna aika wa juna jaridunsu ta gidan waya, kowa ya yanki abin da ya ga dama ya jera baƙaƙensa da hannu ya buga.

A nan ne ƙaramin kuskure yake girma. Idan jarida a Filadelfiya ta ce "an ce" an naɗa wane, bayan mako guda ko biyu za a ga maganar a New London ko Boston, wani lokaci har "an ce" ɗin ta faɗi a hanya. Mai karatu da ya ga abu ɗaya a jaridu uku sai ya ɗauka shaidu uku ne, alhali kuwa mutum guda ne ya faɗa a wani masauki. Gyara kuma ba ya iya riskar kuskuren, saboda shi ma a kan doki yake tafiya, ya kuma taso a makare. Idan labarin ya haye teku zuwa Landan, wanda ke cin makonni da dama, yana iya dawowa bayan watanni a matsayin "labari daga Ingila", a sake buga shi kamar sabo.

Sai dai rabin laifin yana wuyan Majalisar Nahiya, wato taron wakilan yankunan da ke jan ragamar yaƙin, wadda ita kaɗai ke da ikon naɗa janar-janar. Tana zama ne ƙofa a rufe, kuma a Nuwamba 1775 wakilanta suka ɗaure kansu da alkawarin ɓoye abin da ake tattaunawa har sai an ba da izini. Suna da hujja, domin a idon Birtaniya dukkansu masu cin amanar Sarki ne. Amma sakamakon shi ne, abin da jama'a suka fi ɗokin sani yana fitowa ne ta ɓarauniyar hanya: wakili ya rubuta wa gwamnan yankinsa, ko surukinsa, ko hafsan da yake mara wa baya, cewa ana maganar kaza. Tsakanin "ana maganar naɗa shi" da "an naɗa shi" tazarar ba ta wuce kunne biyu ko uku ba. Abin da mutane suka koya shi ne su duba ƙarshen sanarwa, in sun ga sunan sakataren Majalisar, Charles Thomson, to maganar ta tabbata. Mafi yawan abin da ake bugawa ba ya ɗauke da wannan suna.

Mai karatu na yau zai iya tambaya, mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan layi biyu a jarida? Amsar tana cikin yadda hafsoshin ƙarni na 18 suka ɗauki muƙami. Idan janar biyu masu muƙami ɗaya suka haɗu a wuri guda, wanda kwanan watan takardar naɗinsa ya riga shi ne mai ba da umarni, ko da tazarar kwana ɗaya ce. Kuma a al'adar da suka gada daga sojan Turai, hafsan da aka ɗora na baya da shi a kansa, an gaya wa duniya ke nan cewa bai cancanta ba, kuma mutuncinsa ya wajabta masa yin murabus. An ga haka tun a Yuni 1775, lokacin da Majalisa ta naɗa Washington tare da manjo janar huɗu, wato Artemas Ward da Charles Lee da Philip Schuyler da Israel Putnam. Joseph Spencer, wanda yake gaba da Putnam a rundunar Connecticut, da ya ji an ɗaga Putnam sama da shi sai ya bar sansani ya tafi gida ko sallama babu, sai da aka lallashe shi ya dawo. A irin wannan yanayi, labarin naɗi ba ya buƙatar ya zama gaskiya kafin ya yi ɓarna.

Abin da ya faru da Arnold shi ne, a ranar 19 ga Fabrairu, 1777, Majalisa tana zama a Baltimore ta ɗaga mutum biyar zuwa manjo janar: William Alexander da ake kira Lord Stirling, da Thomas Mifflin, da Arthur St. Clair, da Adam Stephen, da Benjamin Lincoln. Dukkansu suna bayan Arnold, Lincoln ma daga rundunar sa-kai ta Massachusetts aka ɗauko shi. Arnold kuwa shi ne ya ratsa dajin Maine da sojoji zuwa Quebec, aka harbe shi a ƙafa a ranar ƙarshe ta 1775, shi ne kuma ya tare jiragen Birtaniya a tafkin Champlain a Oktoba 1776. Ba a tuntuɓi Washington ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da labarin cewa an riga an naɗa Arnold ya samu karɓuwa, domin shi ne abin da hankali ya fi ɗauka. Dalilin Majalisa na siyasa ne: ta tsai da cewa za a riƙa duba yawan sojojin da kowane yanki ya bayar wajen rabon muƙamai, Connecticut kuma, mahaifar Arnold, ta riga ta samu manjo janar biyu. Washington da kansa, da ya samu bayanin, ya gaya wa Arnold cewa wannan hujja ce mai ban mamaki.

Arnold ya amsa daga Providence cewa yana kallon ɗaga na baya da shi a matsayin hanya mai ladabi ta neman ya ajiye aiki. Bayan ya yi faɗa a Ridgefield a ƙarshen Afrilu, inda aka harbe dokin da yake kai, Majalisa ta ba shi manjo janar a ranar 2 ga Mayu, amma ta bar shi a bayan waɗancan biyar ɗin, sai a ƙarshen Nuwamba, bayan nasarar da Amurkawa suka yi a kan Birtaniya a Saratoga, aka mayar masa da matsayinsa. A nan akwai jarabar a ce jarida ce ta shuka irin cin amanar da ya yi a 1780, lokacin da ya yi yunƙurin miƙa wa Birtaniya sansanin West Point. Wannan wuce gona da iri ne. Bashi da son kuɗi da rigimarsa da hukumomin Pennsylvania da sabbin abokan da ya yi a Filadelfiya duk sun fi nauyi a wannan lissafi. Abin da labarin ƙaryar ya yi ƙarami ne amma mai zafi: ya nuna a fili abin da jama'a suke ganin ya dace, ta yadda da gaskiya ta bayyana, wulaƙancin ya zama na bainar jama'a.

A daidai wannan lokaci wani labari na daban yana yawo, shi kuma a kan Washington kansa. A Disamba 1776, sojojin Birtaniya sun kusanto Filadelfiya har Majalisa ta tsere zuwa Baltimore, wa'adin aikin mafi yawan sojoji kuma yana ƙarewa da ƙarshen shekara. A ranar 27 ga watan, Majalisa ta ba Washington iko na musamman na wata shida: ya kafa bataliya goma sha shida na sojan ƙasa, da mahaya dubu uku, da rundunoni uku na masu igwa, ya naɗa ko ya sauke duk hafsan da bai kai birgediya janar ba, ya karɓi abin da soja ke buƙata daga hannun jama'a a kan farashi mai dacewa idan sun ƙi sayarwa, ya kuma kama masu ƙin karɓar takardun kuɗin Majalisa. Ba a jima ba magana ta bazu cewa an naɗa shi mai mulkin kama-karya. Wannan ya yi wa masu goyon bayan Sarki daɗi ƙwarai, domin duk mai jin Turanci a lokacin ya san tarihin Oliver Cromwell, janar ɗin da ya yaƙi sarki da sunan majalisa ya ƙare da korar majalisar. Saƙon shi ne, kun guje wa Sarki George kun faɗa hannun wani George ɗin. John Adams, wanda wakili ne a Majalisar, ya rubuta wa matarsa Abigail a Afrilu 1777 cewa ana yaɗa wannan labari da gangan, kuma Majalisa ba ta taɓa tunanin yin haka ba.

Adams ya yi gaskiya, amma ruwa ba ya tsami banza. Ikon da aka bayar na gaske ne, mai faɗi ne kuma. Ƙaryar tana cikin abin da aka cire: wa'adin wata shida, da cewa naɗin janar-janar yana nan a hannun Majalisa, da amsar da Washington ya bayar a ranar 1 ga Janairu, 1777, cewa kamar yadda takobi ya zama makoma ta ƙarshe wajen kare 'yanci, haka ya kamata ya zama farkon abin da za a ajiye idan 'yancin ya tabbata. Jaridun New York da ke ƙarƙashin mamayar Birtaniya sun yi suna da irin wannan aiki na ɗaukar ƙwayar gaskiya a kumbura ta, musamman ta James Rivington, wadda 'yan tawaye suke yi wa kirari da jaridar ƙarya. Su ma 'yan tawayen hannunsu ba fari ba ne, domin a 1782 Benjamin Franklin ya buga shafin jaridar Boston na jabu a ƙaramar maɗaba'arsa da ke Passy kusa da Paris, cike da labaran ta'asar da ya ƙirƙira don ɓata sunan Birtaniya.

Misalin da ya fi nuna yadda jita-jitar naɗi take iya girgiza runduna shi ne na Philippe du Coudray, ko da yake shi a baki ya yi yawo cikin sansani. Silas Deane, wakilin Majalisa a Paris, yana neman makamai ido rufe, sai ya rattaba hannu a kan yarjejeniya da wannan hafsan Faransa cewa zai zama manjo janar mai kula da igwa, kuma muƙaminsa zai fara aiki daga 1 ga Agusta, 1776. Wannan kwanan wata shi ne wuƙar. Nathanael Greene da John Sullivan sun zama manjo janar ne a ranar 9 ga Agusta, 1776, wato baƙon zai sha gabansu da kwana takwas, shi kuma Henry Knox, mai sayar da littattafan nan na Boston da ya janyo igwa daga Ticonderoga cikin ƙanƙara, zai rasa shugabancin rundunar da ya gina. Da du Coudray ya iso da takardarsa a 1777, sai labari ya cika sansani cewa an gama, an naɗa shi. A ranar 1 ga Yuli, mutanen uku suka rubuta wa Majalisa, kowa da tasa wasiƙar, cewa idan labarin da ke yawo gaskiya ne, a ba su izinin yin murabus.

Labarin ba gaskiya ba ne, domin Majalisa ba ta yanke komai ba tukuna, tana ma neman yadda za ta zame daga alkawarin Deane ba tare da ta ɓata wa Faransa rai ba. Wasiƙun sun harzuƙa wakilai. A ranar 7 ga Yuli suka zartar cewa wannan yunƙuri ne na tursasa wa Majalisa, kuma keta haƙƙin jama'a ne, suka ce ko dai janar-janar ɗin su nemi afuwa ko su kama gabansu. Babu wanda ya nemi afuwa, babu kuma wanda ya tafi. A ganina kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Majalisa tana da hujjar ƙin yarda soja su riƙa yi mata barazana a kan abin da ba ta ma yi ba, su kuma janar-janar ɗin sun san cewa idan suka jira har labarin ya tabbata, bakin alƙalami ya bushe. Martanin da suka yi wa naɗin da ba a yi ba ya taimaka wajen hana a yi shi. A watan Agusta aka ba du Coudray muƙamin sufeto janar na igwa da masana'antun makamai, da darajar manjo janar amma ba tare da iko a kan waɗannan mutane ba. A tsakiyar Satumba ya hau jirgin fito a kogin Schuylkill ya ƙi sauka daga kan dokinsa, dokin ya firgita ya faɗa ruwa da shi, ya nitse.

Bayan wata guda sai ga irinta game da Thomas Conway, ɗan asalin Ireland da ya yi aiki a sojan Faransa. A Oktoba 1777 Washington ya rubuta wa Richard Henry Lee, wakilin Virginia a Majalisa, cewa ya ji ana cewa an naɗa Conway manjo janar ko ana shirin yi, ya ce cancantar mutumin ta fi yawa a zuciyarsa fiye da a zahiri. Lee ya amsa cewa ba a yi ba. A ranar 13 ga Disamba kuwa Majalisa ta yi, ta haɗa masa da muƙamin sufeto janar. Labarin da yake ƙarya a Oktoba ya zama gaskiya a Disamba, kuma irin wannan ne yake sa hafsoshi su kasa yin watsi da kowace jita-jita, ko da an ƙaryata ta daga cikin Majalisa.

Wanda ya fi duka tsawon rai shi ne labarin cewa Sarki Louis na 16 ya naɗa Washington marshal na Faransa, muƙami mafi girma a sojan ƙasar. Shi ma yana da tushe. Lokacin da Janar Rochambeau na Faransa ya sauka a Newport a Yuli 1780 da sojoji sama da dubu biyar, ya zo da umarnin cewa rundunarsa mataimakiya ce kuma tana ƙarƙashin Washington. Ga wanda ya san yadda Turawa suke ji da muƙami, tambayar da za ta fara zuwa ita ce, ta yaya laftanar janar na Sarkin Faransa, mai shekaru da yawa a fagen yaƙi, zai karɓi umarni daga manomin Virginia? Amsa mafi sauƙi ita ce lallai an ba shi muƙamin Faransa da ya fi na Rochambeau. Da Washington ya ziyarci Newport a Maris 1781, Faransawa suka tarye shi da irin karramawar da suke yi wa marshal, wanda hakan ya ƙara wa maganar ƙarfi. Karramawa dai aka yi masa, babu takardar naɗi, kuma yarjejeniyar tarayyar jihohin da ta fara aiki a ranar 1 ga wannan watan na Maris ta haramta wa duk mai riƙe da muƙamin Amurka karɓar ofis ko sarauta daga wani sarki.

Wannan labari ya bambanta da sauran ta fuskar cewa babu wanda ya cutar, yabo ne, kuma masoya ne suka ɗauke shi, shi ya sa babu mai gaggawar kashe shi. A Janairu 1785, bayan Washington ya mayar wa Majalisa takardar naɗinsa ya koma gonarsa ta Mount Vernon, ya amsa wasiƙar wani mawaƙi mai suna Aeneas Lamont da ya kira shi da wannan laƙabi. Ya gaya masa a fili cewa shi ba marshal na Faransa ba ne, kuma ba ya riƙe da wani muƙami ko ofis a ƙarƙashin waccan gwamnati ko wata dabam. Wasiƙa ce ta mutum da mutum, ba ta kai inda labarin ya kai ba, kuma marubuta sun ci gaba da maimaita naɗin a cikin ƙarni na 19, shekaru da dama bayan mutuwarsa a 1799.